Ba a Sa Faifai Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba. Amma makon da kakata ta ƙi cin abinci saboda faifai, wannan kam ko na tsufa na ruɗe kamar yadda ta ruɗe, ina jin shi ne zai rage mini a ka.

A lokacin ina da ɗan shago kusa da tashar mota a Gumel, ina cajin waya, ina tura wa mutane waƙoƙi a memori. Direbobi, 'yan acaɓa, 'yan mata masu shirin biki, kowa da abin da yake so: na Hausa, na Indiya, na Larabawa, na mutanen Nijar. Ina cika baki cewa babu waƙar da za a nema a rasa a kwamfutata. Kuma ni mutum ne mai gaggawa, har gobe ban warke ba. Ban iya zama wuri ɗaya ba, abinci ma a tsaye nake cin sa, rabin hankalina yana kan hanya.

Kakar tawa, wadda muke kira Iya, ita ta haifi mahaifina. Ya rasu ina ƙarami, sai ita da mahaifiyata, Umma, suka haɗu suka raine ni a gida ɗaya. Sunan mijinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Maigida. Shi mijin ban san shi ba, ya rasu tun kafin a auro Umma. Iyakar abin da na sani, tsohon soja ne da ya je yaƙin Bama, kuma tsofaffin unguwa suna ce masa Saje. Tsakanina da Iya kuwa kullum tsiya ce. In na shigo ta ce, "Maigida, yau ma hannu rabbana? Ina cefanena?" In ce, "Ai na sake ki tun jiya, amarya zan yi." Ta ce, "Wace mai tsautsayin ce za ta auri mutumin da ko zama bai iya ba?"

Ruɗin tsufa ya fara mata a hankali. Takan tambayi mutanen da suka daɗe a ƙasa, takan nemi ɗankwalin da ke kanta. Duk da haka tana ci tana sha, tana tsokanata. Sai a wata bazara mai tsananin zafi zazzaɓi ya kwantar da ita. Zazzaɓin ya tafi, amma Iyar da ta tashi ba wadda ta kwanta ba ce. Tana duban mu kamar baƙi, tana duban ɗakinta kamar an canza mata shi.

Ranar da abin ya fara, Umma ta dama mata kunun tsamiya ta kai. Iya ta ture kwanon da bayan hannu, ta ce, "Ba a sa faifai ba."

Umma ta ce, "Gaskiyarki, Iya, na kawo miki abu a buɗe." Ta ɗauko faifai a rataye ta rufe kwanon, ta sake miƙawa. Iya ko kallon kwanon ba ta yi ba. Ta karkata kai wajen ƙofa kamar mai jiran sallama, can ta sake cewa, "Ba a sa faifai ba."

Muka ce wataƙila tsohon faifai ne ba ta so. Na shiga kasuwa na sayo sabo mai launi. Ta ƙi. Aka ce wataƙila na roba ne a jikin saƙar, ita ta saba da na kaba zalla, na koma na sayo na kaba. Ta ƙi. Aka yi tuwo da miyar kuka, aka yi fate, aka dama fura da nono mai kyau, kowanne aka rufe shi da faifai kamar za a kai gidan surukai. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Maƙwabta suka shigo, kowa da nasa: wannan ta ce a yi rubutu, waccan ta ce hayaƙi, wata ta ja Umma gefe ta ce ai in tsoho ya ɗauke baki daga abinci sai haƙuri. Wannan maganar ita ta fi ɓata mini rai, don na ga Umma ta fara yarda da ita.

Na kai ta asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, ta fizge robar. Likitar, wata mata mai haƙuri, ta ce babu sauran ciwo a jikinta, yunwa ce kawai za ta kayar da ita. Ta ce mu koma gida mu lallaɓa ta, in har zuwa Juma'a ba ta ci ba mu dawo da ita a zura mata roba ta hanci, kuma sai an ɗaure hannuwanta a jikin gado don kada ta cire. Tun daga nan na rasa sukuni. In na zauna a shago sai in ga hannuwan Iya a ɗaure, hannuwan da suka yi mini wanka, sai in rufe in koma gida. In na je gida na tarar da kwano yadda aka ajiye shi, sai in kasa zama in koma shago. Na yi wa wani direba kuskure na cika masa memori da waƙoƙin biki alhali karatu ya ce, ya dawo ya wanke ni tas, ban ma ji zafin zagin ba.

Umma ce ta kawo shawarar cewa ba kowane faifai Iya take nufi ba, irin na garinsu take nufi, wanda aka kawo ta da shi gidan miji. Iya 'yar Gagarawa ce. Na hau babur da rana tsaka na tafi, na yi ta tambaya har aka kai ni wurin wata tsohuwa, 'yar uwar su Iya ta nesa, wadda har lokacin take saƙa. Ta ba ni wani mai zanen ja da baƙi, ta ce irinsa ake jera wa amare a zamaninsu. Na dawo ina gudu kamar na ɗauko magani. Iya ta karɓa, ta juya shi, ta yi fifita da shi sau biyu, ta ajiye.

"Ba a sa faifai ba."

Na ce, "Haba Iya. Ga faifai a hannunki, ga faifai a kan kwano, ga wasu a bango. Ɗakin nan ya fi rumfar masu faifai a kasuwa. Wanne kuma ya rage?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kai ɗan wane gida ne?"

Wannan ya soke ni fiye da yadda na nuna. Tun da ta tashi daga zazzaɓin ba ta ce mini Maigida ba ko sau ɗaya, ni kuma ina ta yi kamar ban lura ba.

Mutum ɗaya ya rage da ya san Iya tun tana da ƙuruciya, wato Gwaggo, babbar 'yarta, wadda ke aure a Sule Tankarkar. An gaya mata a waya cewa jikin Iya ya matsa, ba ta cin abinci, amma babu wanda ya ambaci faifai, don mun ɗauke shi sambatu. Ciwon gwiwa ya hana ta tasowa da wuri. Na tuna cewa tsofaffin kayan ɗakin Iya, su ƙore da tasoshi, ita aka ba, sai na ce bari in je in kwaso duk wani faifai da ke cikinsu.

Na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi. Ban bari mun gama gaisawa ba na ce ta fito mini da tsofaffin faya-fayan Iya. Ta ce, "Kai dai ba ka canza ba. Ka sha ruwa tukuna." Ta sa aka fito da su, duk sun ci sun cinye, gara ta gama da rabinsu. Ina ɗaure su a bayan babur ta ce in dakata ta ba ni daddawa, irin mai ƙarfin nan da Iya ke so, ko ƙamshinta zai buɗe mata ciki. Ta jawo wata 'yar tukunya daga ƙarƙashin gado, ta ɗage murfin ta miƙo mini in riƙe mata.

Murfin baƙi ne, zagayayye, ya fi faranti nauyi, da 'yar huda a tsakiya da wata jar takarda da ta koɗe. Na karkata shi a rana sai na ga zara-zaran layuka sun zagaye shi. Ni da nake sayar da waƙa, ban taɓa riƙe irinsa ba sai ranar.

Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

Ta ce, "Faifan Baba ne. Na garmaho."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na gaya mata abin da Iya take ta faɗa. Gwaggo ta saki ludayin da ke hannunta, ta ce, "Kuma kuka yi ta rufe mata kwano?" Sai ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta sa bakin zane ta share.

Ta ba ni labari. Ta ce da aka gama yaƙi, kafin a sa su Baba a jirgin ruwa, sun zauna a Indiya kusa da wasu sojojin Amurka baƙaƙe kamar mu. Su ne masu wannan kiɗa, da shi suke rawa in sun tashi aiki. Baba ya ba wani daga cikinsu agogonsa, ya karɓi akwatin garmaho da faya-faye, ya ɗauko su a ka har Gumel. "Kiɗan badujala ne," in ji ta, "amma ba irin na fareti ba. Wannan yana da rangwaɗa. Ƙahonni ne birjik, sai wata mata ta shigo tana waƙa kamar tana jin barci." Faya-fayan da yawa ne a da. Wasu sun fashe, wasu yara sun yi gare da su, wannan ɗaya ya tsira don ya yi daidai da bakin tukunyar daddawa. Akwatin kuwa ya lalace tun tana budurwa, daga baya mahaifina ya kai shi gyara Maigatari wurin wani mai gyaran rediyo, ba a sake komawa ta kansa ba.

Na ce a raina, in dai waƙa ce ai an zo gidana. Na bar Gwaggo tana haɗa kaya a kan za ta biyo mota washegari, na kama hanya da faifan a cikin rigata, ina warin daddawa har Gumel. Rubutun takardar ya goge, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba. Na shiga intanet na yi ta lalube da ɗan Turancina har na gano ana ce wa kiɗan jaz, na manyan ƙungiyoyin makaɗa na zamanin yaƙin. Na sauke su da yawa. Gaskiya ban zaci zai kama ni ba. Ƙahonni masu kaifi su yi kira, masu kauri su amsa, kamar zabiya da 'yan amshinta. Wata aba mai kama da algaita amma mai taushi ta zille ta yi sama ita kaɗai, sannan duk su taru su rufe ta. A ƙasa kuma ganga tana tafiya ba gudu ba tsayawa. Ina cikin tashin hankali, amma na duba na ga ƙafata tana kaɗawa.

Na zuba su a memori, na ɗauki 'yar sifikar shago na kai ɗakin Iya, na ajiye kusa da kunnenta na kunna. Ta zabura, ta jawo mayafi ta rufe kai.

"Wa ya shigo da 'yan badujala ɗakin mata? Ba ku da kunya ne? Ku fitar da su."

Na canza wata, na sake canza wata. Ta juya ta fuskanci bango. Umma ta ce, "Kashe abin nan, ka ga numfashinta." Na kashe. Leɓɓanta sun bushe sun tsage, wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, na sunkuya don in ji, sai na ji dai ita ce: ba a sa faifai ba. Ranar Laraba ke nan.

Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce, kuma wanda ya san ta ya san ba ranar neman abu da gaggawa ba ce. Manyan motoci sun toshe hanya, shanu da raƙuma suna shigowa daga Nijar, babura suna kutsawa ta ko'ina. Na jingine babur na shiga da ƙafa, ina tambayar tsohon mai gyaran rediyo. Wani ya ce ya rasu. Wani ya ce ya koma Damagaram. Wani ya tura ni wurin mai gyaran fitila, shi kuma ya tura ni wurin mai sayar da batir. Na zagaya layi ɗaya har mai rake ya fara yi mini sannu da zuwa. Daga ƙarshe aka nuna mini wani shago da ake gyaran waya da sola, aka ce ɗan marigayin ne a ciki.

Na yi masa bayani a tsaye, maganata tana hawa kan juna. Ya ce, "Zamna, malam, ka yi numfashi." Na ce ba zama ya kawo ni ba. Ya dube ni, ya tashi ya buɗe wani ɗaki a baya, cike da matattun rediyoyi da tsohonsa ya bari, ya ce bai iya zubar da su ba don kayan mutane ne. Muka yi ta ɗagawa muna tari. A can ƙasa muka tarar da wani baƙin akwati mai maɗauri na ƙarfe, fatar jikinsa ta ɓare. Ya buɗe, ya sa hannun wanawa ya juya, abin ya yi ta zagayawa a banza.

Ya ce, "Rasor ɗin ya tsinke." Sifirin yake nufi, naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya farantin da ake ɗora faifai, su can haka suke ce masa. "Shi ya sa tsoho bai gyara ba, ba a samun shi. Amma kan da ke magana lafiya lau yake. In ka juya farantin da yatsa zai yi kiɗa. Allura ce babu."

Na ce, "Allurar ɗinki fa?"

Ya ce, "Za ta cinye maka faifan tun kafin ya kai ƙarshe."

Na ɗaure akwatin a bayan babur na taho, ina lissafin ga garmaho ga faifai amma babu abin da zai haɗa su. Na iso gida bayan la'asar na tarar Gwaggo ta zo, tana zaune a bakin gadon Iya, Iya ba ta gane ta ba. Umma kuma har ta yi wa mai a-daidaita-sahu magana ya zo da safe a tafi asibiti. Da na faɗi matsalar allura, Gwaggo ta ce, "Allura? Ai tun ina yarinya allurorin Baba suka ƙare. Ƙayar aduwa yake sawa. Mu yake aika mu tsinko masa busassu, ya fere bakin da reza." Akwai aduwa a bayan makabartar unguwarmu. Na je na dawo da ƙaya cike da aljihu da jini a yatsu.

Na sungumi akwatin zan shiga ɗakin Iya, Gwaggo ta tare ƙofa.

"Ina za ka da shi?"

"Wurinta mana."

"Baba bai taɓa shigo da abin nan cikin gida ba. A zaure yake sa shi, in ya gama cin abinci. Mu daga nan ciki muke jiyowa."

Sai a lokacin na tuna yadda Iya take karkata kai wajen ƙofa duk sanda ta yi maganar. Tun ranar farko take nuna mana inda abin yake, mu kuma muna ta kallon kwano.

Na shimfiɗa tabarma a zaure, na goge faifan da tsumma mai laushi, na ɗaura ƙaya, na ɗora yatsa a kan jar takardar na fara juyawa. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Gaggawata ta sa ƙahonnin suka koma kukan 'yan awaki. Na sassauta, suka koma nishin sa. Gumi yana zuba a idona, ƙaya ta farko ta karye. Na ce wa Gwaggo ba zan iya ba, a nemo wani.

Ta ce, "Wa za a nemo? Zauna sosai, ka tanƙwashe ƙafa. Ba tsere ake ba. Kamar daka za ka yi." Ta fara tafa hannu a hankali, irin yadda taɓarya ke sauka in mace ba ta sauri. Na bi tafinta. Na daina tunanin asibiti, na daina tunanin gobe, na bi tafin kawai.

Sai ga shi ya fito. Ta cikin ƙarar shi-shi-shi kamar ana suya, ƙahonnin suka taso a tare, siriri amma a tsaye, ganga tana bin su a baya. Can matar ta shigo da muryar nan ta mai jin barci. Akwai wani wuri da faifan ya tsage, duk zagaye sai ya yi ƙas. Gwaggo ta daina tafi, ta dafa bango ta shige cikin gida tana ɗingishi.

Abin da ya faru a ɗakin ban gan shi ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai har yau. Hannuna yana kan faifai, in na ɗaga kiɗa ya mutu. Faifan kuma gajere ne, kafin ka ankara ya kai ƙarshe. Da ya ƙare na ji muryar Umma daga tsakar gida: "Sake sawa. Kada ka tsaya." Na canza ƙaya na sake. Na sake kuma. Mutane suka fara leƙowa daga waje suna tambayar ko lafiya, ban ɗaga kai na amsa wa kowa ba.

Umma ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce da kiɗan ya shigo, Iya ta buɗe ido ta yi kasaƙe. Da aka zo wurin ƙas ɗin nan, ta gyaɗa kai. Sai ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "To, alhamdu lillahi. Yau ya ci." Ta yunƙura aka tayar da ita zaune, ta ce, "Miƙo mini kunun nan, yunwa kamar ta kashe ni."

Ina cikin juyi na ga Gwaggo ta dawo zauren da kwanon tuwo a hannu, fuskarta jage-jage da hawaye. Ta ajiye a gabana ta ce, "Tsaya haka nan. Ci."

Na ce, "Ni? Ita fa?"

"Tana sha. Amma ta ce in zo in ɗauko kwanonsa ta ga abin da ya rage. Ba zan kai mata shi a cike ba."

Ta zauna a gefen tabarma, ta gaya mini abin da ita ma sai ranar ta haɗa shi wuri ɗaya. Ta ce Baba ya dawo daga yaƙi da abin da ba ya faɗa wa kowa. Ba ya cin abinci a gaban mutane, shi kaɗai yake ci a zaure. Akwai ranakun da za a kai masa kwano ya zauna ya zuba masa ido har ya huce, bai taɓa ba. Iya kuwa ba za ta fito zaure ta tambayi miji ko ya ci ba, ba a yin haka a lokacinsu. To ranar da ya ci, sai ya wana garmaho. Ranar da ba a ji faifai ba, an san abin ya motsa masa. "Ina ganin Iya tana juya nata tuwon cikin namu a irin ranakun," in ji Gwaggo, "ta ce ba ta jin yunwa. Ni duk zatona ba ta jin yunwar ne."

Na wanke hannu na ci. Rabona da in zauna in ci abinci har na manta, kuma sai da na fara na gane ni ma makon nan kusan da ruwa na yi shi. Na rage 'yar loma a gefe kamar yadda Gwaggo ta ce Baba yana yi. Ta ɗauka ta shiga, jim kaɗan ta leƙo ta ce, "Ta ce a gaya wa Maigida sannu." Ban san wanne take nufi a cikinmu ba, kuma ban tambaya ba.

Da safe aka sallami mai a-daidaita-sahu. Daga ranar kullum nakan rufe shago in dawo gida, in zauna a zaure in ci abinci, in ɗaura ƙaya in juya faifai, a kai mata kwanona ta duba, sannan ta ci nata. Na ɗauki kiɗan a waya don tsoron kada faifan ya fashe, amma ban taɓa kunna mata na wayar ba. Haka muka yi har damina ta wuce aka yi girbi, sannan Allah ya karɓi abarsa, cikinta da abinci, hannuwanta a sake. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Saje.

Na gwada manhajar nan da ke gane waƙa, ta kasa, ƙarar suyar ta yi mata yawa. Har yau ban san sunan waƙar ba, ban san wace ce matar ba, ban san me take cewa ba. Iya ma ba ta taɓa sani ba. A wurinta duk ƙahonnin nan da gangunan da aka tara a wata ƙasa mai nisa magana ɗaya suke faɗa: mijinki ya ci abinci.

Abin da na koya shi ne, in tsoho ya nace a kan kalma, kada ka yi saurin cewa ka gane ta don kawai kana jin Hausa. Ka tambayi abin da take nufi a zamaninsa, ka kuma duba inda yake karkata kunne. Na kuma koyi cewa sau da yawa akwai wanda cinsa yake rataye da naka, ba zai taɓa gaya maka ba. Yanzu ina da iyali. Har gobe ina da gaggawa, amma ba na cin abinci a tsaye, kuma ba na fita sai na leƙa na ce wa mai ɗakina, "Na ci, na ƙoshi." Ran farko dariya ta yi, ta ce wa ya tambaye ni. Da na juya zan fita, sai na ji ta jawo nata kwanon.